Kwana Goma Sha Tara

A gidanmu, a ƙasar nan da muka zo zama, ni kaɗai ce ba 'yar ƙasa ba. Baba ya zama ɗan ƙasa ranar da ya yi rantsuwa. Ƙanwata Auta ta bi shi a ranar ba tare da ta ɗaga ko yatsa ba. Mama, Allah ya ji ƙanta, ta yi tata rantsuwar bayan shekara biyu. Ni aka bari da katin zama, wanda ake sabuntawa duk shekara goma.

Dalilin ba shi da tsawo. Doka ta ce duk yaron da bai cika shekara sha takwas ba ranar da mahaifinsa ya yi rantsuwa, ya zama ɗan ƙasa tare da shi. Auta tana da sha ɗaya a lokacin. Ni kuwa na cika sha takwas kwana goma sha tara kafin ranar. Abin da aka gaya mini tun farko shi ne, ofis ne ke sa rana, ba mutum ba, haka Allah ya tsara.

Har abin ya zama abin tsokana a gida. In muka yi faɗa da Auta kan wanke-wanke sai ta ce, "Yaya, ki bi ni a hankali fa, ke baƙuwa ce a nan." Sai in ce mata baƙo ai ba ya wanke kwano. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Baba kaɗai ne ba ya dariya. Sai ya miƙe ya ce zai duba ko ya kulle shago, alhali mun san ya kulle.

Abin da ba na dariya a kansa shi ne karatu. Na so in zama likitar ido. Na ci jarrabawa, makaranta ta ɗauke ni, amma tallafin karatun na 'yan ƙasa ne kawai. Na koyi yanka gilashin tabarau a maimakon haka, kuma shi nake yi har yau a wani shago da ke kallon tashar motar haya. Ba na ƙin aikin. Amma duk sanda likitar da ke ɗakin ciki ta miƙo mini takarda ta ce, "Ga na wannan," wani abu yana ɗan taɓa ni a ƙirji.

Da na so, da na nemi zama 'yar ƙasa da kaina tun tuni. Sai aure ya zo, haihuwa ta zo, jinyar Mama ta zo. Kuma akwai taurin kai. A raina cewa nake, tun da sun ƙi ni saboda kwana goma sha tara, su riƙe abinsu.

'Yata ce ta karya mini wannan taurin kan. Mun yi tafiya da ita da Auta, a hanyar dawowa a filin jirgi aka raba layi biyu. Su biyu suka bi na 'yan ƙasa, suka wuce cikin minti biyar. Ni na bi ɗaya layin, aka kuma ce in zauna a gefe saboda katina ya ƙi karantuwa a na'ura. Awa ɗaya da rabi na yi a kan wata kujerar roba. Ta cikin gilashi ina hango yarinyar, 'yar shekara shida, ta manna fuska tana kuka, Auta tana janye ta tana komowa. Da na fito ta riƙe mini siket ta ce, "Mama, laifin me kika yi?"

A makon na karɓo fom.

A shafi na huɗu akwai wurin da ke neman bayanin iyaye: ko wani cikinsu ɗan ƙasa ne, yaushe ya zama, a haɗo da kwafin takardar shaida. Sai na nufi shagon Baba.

Baba mai yanka makulli ne. Shagonsa bai fi faɗin mota ɗaya ba, a matse tsakanin mai wankin kaya da mai gyaran waya. Bangon bayansa cike yake da makullan da ba a yanka ba, jere-jere a kan ƙusoshi, in an buɗe ƙofa iska ta shigo sai su riƙa ƙara a hankali. Shekararsa saba'in da biyu, mun yi mun yi ya huta ya ƙi. Wai in ya rufe, wa zai buɗe wa mutanen unguwa ƙofa in sun kulle kansu a waje?

Na same shi yana goge bakin wani makulli da magagari. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Uwata, lafiya da rana tsaka?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na ajiye fom ɗin a kan kanta. Ya karanta kan takardar, ya sake karantawa. Ya ajiye magagarin.

"Da gaske?"

"Da gaske, Baba. Takardar shaidarka nake so in yi kwafi."

"Za ki samu. Amma jarrabawa fa? Akwai tambayoyi ɗari, kin sani? Ni na ci duka. Wanda ya yi mini tambayar sai da ya miƙe ya ba ni hannu."

"Guda goma suke tambaya, Baba."

"Goman na ci duka."

Daga ranar ya naɗa kansa malamina. Kullum in na tashi daga aiki ƙarfe biyar sai in biya ta shagon, in zauna a kan wata tsohuwar kujera mai ƙafa ɗaya gajera, shi yana yanka makulli yana jefo mini tambaya ta cikin ƙarar inji. Matsalar ita ce littafinsa na shekara ashirin da ɗaya da suka wuce ne, kuma ya fi yarda da shi a kan nawa sabo.

"Wa ke shugabantar majalisa?"

Na faɗa.

"Kin faɗi." Ya faɗi wani suna daban.

"Baba, wannan ya rasu tun kafin in yi aure."

"Allahu akbar. Mutumin kirki. To amma ki riƙe sunansa, ko za su tambaya."

Masu zuwa yanka makulli har sun saba. Wata tsohuwa da ke zuwa kusan duk wata saboda jikokinta na zubar mata da makulli ta shiga amsa tambayoyin tare da ni, in ta riga ni sai ta ce a ba ta takardar tawa.

Takardar shaidar ce dai ta ƙi fitowa. Yau ya manta, gobe akwatin yana ƙarƙashin wasu kaya, jibi bayansa na ciwo ba ya iya sunkuyawa. Sai da na ce masa ranar Litinin zan miƙa fom ko da ita ko babu, sannan ranar Asabar ya miƙo mini wata jakar takardu mai ruwan ƙasa, an ɗaure ta da roba.

"Komai yana ciki," ya ce. Bai dube ni ba.

A teburin kicin na buɗe ta washegari da safe, yara suna kallon talabijin, babansu ya fita wankin mota. Baba mutum ne mai tsari. Ga takardar shaidar a cikin leda. Ga ta Auta. Ga hotunanmu na ranar da muka iso ƙasar, ni 'yar shekara goma da kitso biyu, ina harar mai ɗaukar hoto. A ƙasa kuma ga wasiƙar gayyata zuwa rantsuwa.

Sai na ga wasiƙun biyu ne.

Na ɗauka kwafi ne. Na jera su. Kan takarda ɗaya, suna ɗaya, zaure ɗaya, ƙarfe tara na safe. Kwanan watan ne ya bambanta. Ta biyun ita ce ranar da na sani. Ta farkon kuwa ta riga ranar da na cika sha takwas da sati shida.

Na ƙirga da yatsu kamar yarinya. Na sake ƙirgawa. Na kira Auta.

Da na gaya mata sai ta ce, "Wataƙila su suka ɗaga."

"Da su suka ɗaga da akwai wasiƙar ɗagawa. Kin san Baba, ko rasiɗin ƙusa ba ya yarwa."

"Yaya, don Allah ki bar shi. Tsoho ne. Me zai canza yanzu?"

"Ke ba abin da zai canza miki," na ce, na kashe wayar. Ban kyauta mata ba, daga baya na ba ta haƙuri.

Ranar Litinin ban kai fom ba. Na nemi izini a wurin aiki na tafi shago da hantsi. Akwai wani mutum da ya kawo kwaɗon da ya ƙi buɗuwa, na jira har ya tafi. Sannan na ajiye wasiƙun biyu a kan kanta, gefe da gefe.

Baba ya dube su. Ya je ya juya allon ƙofa zuwa "A rufe", abin da ban taɓa ganin ya yi da rana ba in ba sallah zai yi ba. Ya dawo ya zauna a kan kujerar nan mai gurguwar ƙafa, ya bar ni a tsaye.

"Ba mantawa na yi da ta farkon a ciki ba," ya ce. "Sau uku ina cire ta ina mayarwa."

"Me ya faru a ranar farko?"

"Na je."

"Ka je?"

"Na je. Mamanku ta goge mini farar riga. Tun bakwai da rabi ina bakin zauren, ni ne na uku a layi." Ya shafa gwiwarsa. "A lokacin ƙasarmu ta haihuwa ba ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu ba. In ka ɗauki wannan, ka saki wancan. Na san da haka, an gaya mini, na sa hannu. Amma da aka buɗe ƙofa sai na ga wata mata a bakin tebur da kwali a gabanta. Kwali irin na sabulu. Kowa ya zo sai ya miƙa tsohon fasfonsa, ta huda shi, ta jefa a ciki. Na farko ya miƙa. Na biyu ya miƙa. Da aka zo kaina sai na ce mata na manta wani abu a waje."

Makullan bango suna ɗan motsi.

"Ran da zan baro gida, kakarki ta rako ni har bakin mota. Na ce mata shekara uku zan yi in dawo. Ta ce, ka faɗi gaskiya. Na ce wallahi uku. A ranar rantsuwar nan shekarata goma da barin gida. Tana raye, tana jira, duk wanda zai zo sai ta aiko shi ya tambaye ni saura nawa. Sai na ji in na jefa fasfon nan a kwali, na gaya mata ke nan ba zan dawo ba. Akwai wani benci a waje kusa da wurin ajiye kekuna. A nan na zauna har azahar. Ina ji suna tafi a ciki. Da na dawo gida na ce wa mamanku an ɗaga. Washegari na rubuta musu cewa ba ni da lafiya."

"Ba ka san dokar sha takwas ba?"

"Wallahi ban sani ba, Uwata. Da na sani da ko da rarrafe na shiga. Sai a rana ta biyu, bayan an gama, magatakarda ya duba takarduna ya ce ƙaramar ta shiga, babbar ta wuce da kwana goma sha tara. Na ce ya sake dubawa. Ya juyo mini da kalanda."

"Mama ta sani?"

"Tun ranar farko. Ta ce wanda aka ɗaga wa rana ba ya dawowa gida ya kasa cin abinci. Ba ta sake tayar da maganar ba sai a asibiti. Ta ce in gaya miki. Shekara shida ke nan ina cewa gobe."

Na so in ji tausayinsa a lokacin, amma fushi ne ya zo mini.

"Ka bar ni ina zagin ofis shekara ashirin da ɗaya," na ce. "Kana zaune na karanta wasiƙar da suka hana ni tallafi. Kai ka ce mini in yi haƙuri, haka Allah ya so."

"Na faɗa."

"Kana ji Auta tana ce mini baƙuwa."

"Ina ji."

Da ya kare kansa da na sami abin faɗa. Bai kare ba. Na tattara wasiƙun na fita, na bar allon yadda ya juya shi.

Na kai fom ranar Laraba. Sati uku ban taka shagon ba. In na tashi daga aiki sai in hau mota kai tsaye zuwa gida, in yi karatuna ni kaɗai a kicin. Maigidana bai sa baki ba, sai dai wata rana yana ɗaure takalmi ya ce, "Na bi ta gaban shagon Baba jiya. Ya rame." Na ce na ji.

Ranar wata Alhamis ina bayan shago ina gyara gefen wani gilashi, abokiyar aikina ta leƙo ta ce wani dattijo na nemana, ya ce shi ba wanda zai taɓa masa tabarau sai ni.

Yana tsaye a gaban kanta da hularsa a hannu. Ya ajiye tabaransa. Hannu ɗaya ya karye daga maƙalarsa.

"Zama na yi a kai," ya ce.

Na duba karayar. Na shekara goma sha takwas ina wannan aiki, na san tabaran da aka zauna a kai. Wannan da filaya aka kama shi, ga shaidar haƙoranta nan a jiki. Na dube shi, ya dubi silin.

"Zauna," na ce.

Na zaɓo firam mai sauƙi, na mayar da gilasansa a ciki, na ɗumama hannayen na lanƙwasa. Sannan na zo na tsaya a gabansa na sa masa. A aikinmu dole ka taɓa bayan kunnen mutum ka ji ko ya zauna daidai. Rabona da taɓa fuskar Baba tun ina yarinya. Fatar bayan kunnensa ta yi laushi, ta yi sirara, ga tabon da tsohon firam ya bari a kan hancinsa. Ya rufe ido kamar yaron da ake wa aski.

"Yana matse ka?"

"A'a."

"Na so karatun nan, Baba," na ce a hankali, hannuna yana kan kunnensa. "Ba ka san yadda na so shi ba."

"Na sani. Littattafan da kika saya kafin wasiƙar ta zo suna nan a wurina. Kin zuba su a shara, na kwashe."

Na cire tabaran na koma ciki kamar zan ƙara gyarawa. Babu abin da ya rage a gyara. Na tsaya gaban injin har idona ya bushe, sannan na fito na sake sa masa.

"Ka je ka gan ta kuwa, daga baya? Kaka?"

"Bayan shekara ɗaya. Da biza, kamar baƙo. Na zauna a gabanta na gaya mata komai, fasfo, rantsuwa, duka. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, ni ina ruwana da takarda, me ya sa ka rame haka, matarka ba ta ba ka abinci ne?"

Dariya ta kufce mini, ta fito tare da hawaye. Shi ma ya yi, yana share ido ta ƙarƙashin sabon tabarau, yana ɓata mini gilashin da na goge.

"Majalisa kujera nawa ce?" ya tambaya.

Na faɗa.

"Kin faɗi."

"An ƙara, Baba."

Bayan wata huɗu aka kira ni ganawa. Jami'ar mace ce mai kamar shekaruna, ga kofin shayi ya huce a gefenta. Ta yi mini tambaya shida na amsa duka, ta ce ya isa. Tana juya fayil ɗina ta tsaya a shafi na huɗu.

"Kin kusa shiga tare da mahaifinki," ta ce. "Amma tun daga lokacin kina da damar nema. Me ya sa sai yanzu?"

Na buɗe baki in ba ta amsar da na saba bayarwa, sai na ji ba ta zauna mini ba.

"Fushi nake yi," na ce. "Na farkon ba laifina ba ne. Sauran shekarun ni na zauna."

Ta ɗan yi murmushi, ta buga hatimi.

Ranar rantsuwa an ce baƙo biyu kawai kowa zai kawo. Maigidana ya ce shi zai zauna da yara, in tafi da Baba da Auta. Baba ya riga mu isa da awa ɗaya, ya kama musu kujeru shi da Auta a layin gaba na baƙi, har ya yi sabo da mai gadi ya duba masa kwaɗon wata durowa. Mu tamanin da wani abu muka ɗaga hannu. Kusa da ni wani dattijo ne da ke riƙe da sanda, muryarsa tana rawa, yana riga kowa kai ƙarshen jimla. Ban waiwaya ba, don na san in na ga fuskar Baba ba zan ƙarasa ba. Auta ta ɗauki hoto goma sha biyu, yatsanta ya fito a tara.

A kan matakalar waje Baba ya ce in ba shi takardar ya gani. Ya goge hannuwansa a jikin riga kafin ya karɓa. Ya matso da ita kusa, yana bin rubutun da ɗan yatsa ba tare da ya taɓa ba, harafi bayan harafi. Sai yatsan ya tsaya a kan sunansa da ke bin nawa.

"Wannan ba sunana ba ne."

"Baba, don Allah."

"Duba. Sun cinye harafi ɗaya."

Na duba. Gaskiyarsa ne. Auta ta zauna a kan matakala tana dariya har tana riƙe ciki.

Mai gadi ya ce in muka gyara yau ya fi, hawa na biyu, taga ta huɗu, a ɗauki lamba. Auta ta ce ita aiki na jiranta, ta rungume ni ta tafi. Na ce wa Baba ya je ya buɗe shago, zan iya ni kaɗai.

"Shago ba ya gudu," ya ce, ya riga ni hawa.

Lambarmu sittin da huɗu, allo yana nuna talatin da ɗaya. Muka sami kujeru biyu kusa da taga. Ya riƙe takardar a kan cinyarsa da hannu biyu, ya ce shi zai yi musu bayani don shi ne mai sunan. Kafin a kai arba'in barci ya ɗauke shi, kansa ya gangaro a hankali ya sauka a kafaɗata. Na gyara zama don kada wuyansa ya yi ciwo, na ci gaba da kallon allo.